Sunan da Za a Kira a Lasifika

Guangzhou, ranar Laraba.

Zuwa ga Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya kai jirginku arewacin ƙasar Sin lami lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum da wannan sanyin da ake ta ba ni labarinsa. Na cusa ta a baƙar jakarka, ƙarƙashin kilishin da mahaifiyarka ta aiko daga Kano, don na san kafin jirgin ƙasan ya yi nisa hannunka zai kai wurin. In ka gama karantawa ka ninke ka ajiye. Kada ka sauka ka nemi waya ka ce mini ka gani, ba na son dogon zance.

Ba labarin gida zan ba ka ba, tunda tare muke kwana muke tashi. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun da aka rufe kakar wasa, kuma ba na so ka bar garin nan da ita a zuciyarka yadda ka ji ta. Ina nufin abin da na faɗa a kanka a gaban Lauban, mai kulob ɗin ƙwallon kwandon da ka yi wa wasa kaka biyu. Kana zaune, ka ji da kunnenka. Da muka sauko daga benen da aka yi zaman ka ce mini, "Ba komai, Baba." Wannan "ba komai" taka ita ta hana ni sakat har yau. Da fushi ka yi da tuni an wuce wurin, don ni fushi na san yadda ake yi da shi.

Bari in faro daga tushe, don in na faro daga tsakiya za ka ce tsufa ya fara taɓa ni.

Ni ban kawo ka ƙasar Sin don ka sa gajeren wando ka riƙa tsalle a gaban jama'a ba. Na kawo ka ne ka koyi kasuwa, ka san yadi mai kyau da na banza, ka taya ni ɗaure dila a kasuwar Shahe, tunda Allah Ya hore maka tsawo da ƙarfi. Ƙwallon kwandon da kake bi a Kano na ɗauka ƙuruciya ce, da ka ga kasuwa za ta sake ka. Ina! Duk ranar da ba mu da lodi sai in neme ka in rasa, a ce kana filayen wasa na Tianhe. Ranar da wani mutum mai usur a wuya ya biyo ka har masaukinmu, na ɗauka talla ya kawo, har na ɗaga masa hannu na ce ba ma sayen usur. Isufu tafintanmu, Bamaraɗen nan mai bakin tsiya, shi ya ce, "Elhaji, wanga ba usur ya kawo ba. Ɗanka ya zo biɗa."

Na yarda ne kawai don kada a ce na tauye ka, amma a raina cewa na yi kafin a gama damina za su dawo mini da abina. Na raina sana'ar ban taɓa taka inda ake yinta ba. Kada ka yi koyi da ni a nan. In wani ya zo maka da abin da ba ka sani ba, je ka gani da idonka kafin ka yanke masa hukunci.

Sai da aka yi nisa a kakar farko na je kallo, shi ma Isufu ne ya ja ni. Ina zaune da babbar rigata ina ƙunƙuni a kan hayaniya, sai na ji mai lasifika ya ja murya ya ce, "Gaa-ba!" Ɗakin gaba ɗaya ya amsa, "Ga-ba! Ga-ba!" Wallahi zumbur na miƙe, na ɗauka wani abu ne ya faru ake cigiyata. Isufu ya ja ni ta gefen riga yana dariya har da hawaye, ya ce in zauna, ai sunan ƙarshe na fasfo suke ɗauka, kuma harshensu ba ya iya cewa Garba. Wato sunana aka liƙa maka, da shi suke kiranka.

Ka san gidan da na tashi. Kai ne ɗan fari, kuma a wurinmu uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya yabonsa a gaban mutane, in ana taro ma yi yake kamar bai san da shi ba. Mahaifina har ya koma ga Allah "wancan" yake ce wa babban yayana. Ni da aka zo kaina sai na laƙaba maka Dogo na huta. To a ɗakin wasan nan sai na ga Allah Ya buɗe mini wata ƙofa ta bayan gida. Sunana ake kira, wa zai hana mutum kiran sunan kansa? Da ka yi tsalle ka mare ƙwallon nan daga hannun wani ƙato ta faɗa cikin 'yan kallo, ban san sanda na cire hula na bi sahunsu ba, "Gaba! Gaba!" har muryata ta dushe. Washegari ka tambaye ni me ya same ta, na ce maka ruwan sanyi na sha. Ba ruwan sanyi ba ne. Daga ranar, in dai a gida kuke wasa, ina layin baya kusa da ƙofa, in sulale kafin a tashi. Wataƙila ka sani ka yi shiru, don baƙin mutum mai babbar riga ba ya ɓuya a cikin Sinawa.

Sai kaka ta biyu ta ƙare, kwantiraginka ya cika. A nan na gane cewa wasan da ake bugawa bayan an kulle fili ya fi na cikin fili zafi. Kowane kulob ya baje 'yan wasansa yana dubawa, wa za a riƙe, wa za a sallama, wa za a je a zawarto daga wani wuri. Baƙi biyu kaɗai aka yarje wa kowane kulob. Gurbi ɗaya Lauban ya riga ya ba wani Baturen Rasha mai tsawo kamar falwaya. Ɗayan yana tsakaninka da wani Ba'amurke da dillalai ke ta kai masa kaset ɗin wasansa. Shi kuwa Lauban mai masana'antar tayil ne, ba koci ba, ya fi yarda da abin da ya ji a kan tebur fiye da abin da ya gani a fili. Shi ya sa ya gayyace mu shan shayi, ni da kai da Isufu.

Ka tuna yadda aka yi. Ya zuba mini shayi da hannunsa, na ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu yadda suke yi in za su yi godiya, ya ji daɗi. Sannan ya ce, ta bakin Isufu, "Kai ne mahaifinsa, ka fi kowa saninsa. Yaya kake ganinsa? Zai ƙara gaba?"

Buɗar bakina sai na ce, "Ai yaro ne, bai iya komai ba tukuna. Sai dai a ci gaba da haƙuri da shi."

Lauban ya yi dariya, ya ce su ma iyayen Sinawa haka suke faɗa, yanzu an gama ladabi, in faɗa masa gaskiya. To a nan ƙasa ta ƙare mini. Kana zaune a gefena, ido na ganin ido, a ce in yabe ka? Bakina ya ƙi. Tunda kuma dole in ce wani abu, sai ya kama hanyar da ya saba bi a kasuwa. Na ce jifanka daga nesa bai nuna ba. Na ce kana da zafin kai in alƙalin wasa ya busa maka. Har na ce gwiwarka ta hagu ta taɓa ciwo. Gwiwar da ka faɗi da keke tun kana firamare, wadda ta warke kafin a gama hutun makaranta! Ni kaina ban san daga ina na tono ta ba. Isufu yana juyawa ina kallon fuskar Lauban, da aka zo kan gwiwa dariyar ta ɗauke. Ya ƙara mini shayi, bai sake tambayar komai ba.

A ƙasan bene, da ka yi gaba neman tasi, na juya kan Isufu na balbale shi da faɗa. Na ce, "Kai ma ba ka da hankali ne? Ba sai ka gyara ba?"

Ya ce, "Elhaji, ni tahinta nike, ba tela ba. Abin da ka yanka shi na miƙa."

Na so in mare shi, sai dai gaskiya ya faɗa. Na ce zan koma in warware maganar, kai ka hana, ka ce, "Bar shi, Baba, in rabona ne zai kira." Bai kira ba. Kafin mako ya zagayo muka ji Ba'amurken ya sa hannu.

Tun ina saurayi a Kantin Kwari na san cewa mai saye ke kushe kaya, mai kaya ya yaba abinsa. Ban taɓa rikita su ba sai ran nan, na zauna a kujerar mai kaya na yi maganar mai saye. Kada ka ce na mai da kai haja, Allah Ya kiyaye, amma ranar haka aka zauna, kuma ni ne ban gane zaman ba. Saboda haka ka ji da kyau. Kwantiraginka na can ma zai ƙare wata rana, za a sake zaunar da kai a tebur a tambaye ka me ka iya. Faɗi abin da ka iya, kada ka ƙara, kada kuma ka rage ko ƙwayar gero. Kunya tana da wurinta, a gaban manya da gaban surukai in lokaci ya yi. A teburin da ake rabon gurbi, kunyarka wani ne zai ci da ita.

Abin da ya biyo baya kai ka koya mini, ba ni na koya maka ba. Ka zama ɗan wasa marar kulob, kowa na iya ɗaukarka, kowa na iya ƙyale ka. Na ga yadda kuke zuwa shagon waya kai da Isufu kuna buga wa kulob-kulob, amsa ɗaya ake ba ku, "meyo," babu. Ni wannan kalma na sha ta har na ƙoshi. Farkon zuwana, in na shiga shago na nuna samfuri yarinyar shago ta ce "meyo" tun kafin ta ɗaga kai, sai in fita ina zage-zage, in ƙi komawa layin gaba ɗaya. Na yi asarar shaguna masu kyau da wannan zuciyar. Daga baya na gane "meyo" iri-iri ce. Akwai ta babu, akwai ta ban gane ba, akwai ta ba yau ba, akwai ta maigida ya fita. Wanda ya dawo gobe da fara'a shi ake buɗe wa sito. Ni sai da na yi furfura na gane haka. Kai kuwa ana ce maka "meyo" yau, gobe da ka idar da asuba ka ɗauki takalmanka ka nufi Tianhe, cikin zafin nan mai sa riga ta manne wa mutum a baya, ka yi ta jifa kai kaɗai, sannan ka zo Shahe ka taya ni ɗaure dila ba ka ce uffan ba. Ina kallonka ta gefen ido ina lissafin kwali, zuciyata kamar ta fashe don alfahari. Ban faɗa maka ba. Yanzu na faɗa, ka riƙe wannan hali da kyau, ya fi tsawonka amfani.

A kan dillalai kuma, ni na tura ka wurin mutumin nan na Hong Kong mai ƙyalƙyalin kwat, wanda ya ce zai kai ka Turai. Kwat ɗin na duba, na ga ɗinki mai kyau, na ce mai wannan kwat ba zai yi ƙarya ba. Ya karɓi kaset ɗinmu ya ɓace, har yau. Ban ce ka guji dillali ba, kasuwa ba ta ci sai da shi. Amma ka tuna shi a kan ciniki yake ci, ba a kan zaman lafiyarka ba. Duk wanda ya zo maka da zaƙin baki, tambaye shi 'yan wasan da ya taɓa kai wani wuri, ka neme su ka ji daga bakinsu. Duk takardar da za ka sa wa hannu kuma, a karanta maka ita ta bakin mutumin da ba kulob ke biyansa ba. Ka sani baƙo ana iya canja shi a tsakiyar kaka in abu ya ƙi, don haka kada ka tara tarkace a ɗaki kamar wanda ya je zama na har abada.

Yanzu bari in gaya maka abin da ya sa hankalina ya kwanta da mutanen arewan nan da suka ɗauke ka. Shekarar da na fara zuwa garin nan na shiga kasuwar Shisanhang na ga riguna masu kyau, an rubuta babbar lamba a wuyansu. Ban buɗe ba, ban gwada ba, na ce a ɗaure. Da kaya suka isa Kano aka kwance, rigar da aka rubuta wa ta ƙato sai ɗan sakandare take shiga. Babban Basine daban, babban Bakano daban. Aka yi ta yi mini dariya a layinmu, har wani ya ce ko kayan 'yan makaranta na koma sayarwa. Tun daga ranar tef ɗin awo ba ya barin aljihuna, kuma ba na yarda da rubutun wuyan riga sai na auna.

Lauban rubutun wuya ya saya. Ban ce Ba'amurken bai iya ba, Allah Ya ba shi sa'a, shi ma ɗan wani ne. Amma Malam Li, kocin da ya taso daga arewa takanas don ya gan ka, da tef ya zo. Isufu ya ce mini mutumin ya kalli wasanninka yana mai da kaset baya, ba inda kake jefawa a kwando yake dubawa ba, inda ba ka da ƙwallo yake dubawa. Yadda kake tsinto ta in ta daki ƙarfen kwando ta dawo, yadda kake tare wa ɗan'uwanka hanya da ƙirji ya samu ya wuce, yadda kake komowa baya da gudu alhali wasu na tafiya. Kulob ɗinsa cike yake da masu jifa daga nesa. Tsohon dogonsu ya ajiye wasa, sun sallami wani baƙo da ba ya ba kowa ƙwallo, sun ɗauko wani matashi mai rabon ƙwallo daga makaranta. Abin da ya rage musu mutum ne a ƙarƙashin kwando. Ni da na saba haɗa dila na gane wannan lissafi nan take, don ba a cika dila da girma ɗaya, sai an sa manya da matsakaita da ƙanana sannan ta sayu.

To ga inda nake jin tsoro. Kada ka je can ka ce sai ka nuna wa Lauban kuskurensa, ka riƙa ƙwace ƙwallo kana jifa daga inda ba wurinka ba, don a ga kai ma ka iya. Ba don wannan aka ɗauke ka ba. Gurbin da aka auna aka ga kai ne daidai da shi, shi za ka cika. In ka cika shi, Lauban zai ji labari ba sai ka aika masa ba. Kuma ranar da za ku zo wasa da tsohon kulob ɗinka, ka je ka gaishe shi da hannu biyu. Ya riƙe ka kaka biyu lokacin da ba wanda ya san ka, kuma abin da ya ji daga bakin ubanka ya yi aiki da shi.

Matashin nan mai rabon ƙwallo, ka ja shi a jiki tun ranar farko. Shi sabo, kai sabo. Ka koyi sunansa yadda uwarsa ke faɗa, ka ci abinci kusa da shi, in ya yi kuskure kada ka ɗaga masa hannu a gaban jama'a. Dogo komai tsawonsa sai an miƙo masa yake ci. Zafin kan da na faɗa wa Lauban kuwa, wannan ɗaya ba ƙarya na yi ba, kuma na san inda ka gado shi. In alƙali ya busa maka abin da ba ka yi ba, ka ciji leɓe ka koma wurinka.

Azumi zai same ku a tsakiyar kaka. An ce ranar can gajeriya ce a lokacin sanyi, kafin ka ji yunwa an sha ruwa, to ba ka da uzuri. Ka gaya wa Malam Li tun da wuri, kada ya wayi gari ya ga ba ka ci ya ɗauka ciwo ne. Ka nemi gidan abincin Musulmin garin, za ka gane shi da koren allo da rubutun Larabci, in ka yi musu sallama za su riƙe ka kamar nasu. Rigar sanyin da na sa maka a jaka ni na auna ta da tef, hannun zai kai. Kada ka ce nauyi gare ta ka bar ta a jirgi. Ka riƙa rubuta wa mahaifiyarka, ita ba ta san kwando ba, amma ta san ɗanta ya ƙara nisa.

Saura magana ɗaya, ita ce dalilin takardar.

Ranar da Malam Li ya zo masaukinmu da kwantiragi, ka tuna an aike ka ƙasa ka ɗauko hoton fasfo. Kana fita ya juyo ya yi mini tambayar nan, kusan kalma da kalma irin ta Lauban. Isufu ya kalle ni, na kalle shi. Ya ce, "Elhaji, don Allah wagga karon a bar gwiwa ta huta."

Na ce, "Juya masa. Ka ce wannan ɗana ne na fari. Ka ce ban taɓa ganin ya bar aiki a rabi ba, ko dila ko wasa. Ka ce an ce masa babu har ba adadi, bai fasa fita da asuba ba. Ka ce na zauna a layin baya kaka biyu, na ga dogaye iri-iri, ban ga wanda ya fi shi zuciya a ƙarƙashin kwando ba. Ka ce wanda ya sake shi ya yi asara, wanda ya ɗauke shi ya tsinci dami a kala."

Isufu ya yi sororo, ya ce, "Duka zan hwaɗi?"

Na ce, "Duka. In ka rage ko kalma ɗaya, yau sai na zama telanka."

Ya juya masa duka. Malam Li ya saurara, ya gyaɗa kai, ya ce ya riga ya ga haka a kaset, amma ya ji daɗi da ya ji daga bakin uba. Sannan ya ciro alƙalami ya ce saura sunan da za a yi maka rajista da shi, wanda mai lasifika zai riƙa kira. Ya ce ko a bar Gaba, tunda an san ka da shi?

Na ce a'a. Na ce Gaba sunana ne, aro aka ba ka, kuma ka yi masa hidima ta isa. Na ce yaron da ya tsaya da ƙafarsa bazara guda ba kulob, ya samo wa kansa gurbi bayan ubansa ya ɓarar masa da na farko, ya isa a kira shi da nasa sunan. Malam Li ya ce to a faɗa masa, don su da sauti suke rubuta suna, sai ya ji da kunnensa zai san haruffan da zai zaɓa. Isufu ya san al'ada, ya buɗe baki zai faɗa a madadina. Na ɗaga masa hannu.

Sunan nan ni na zaɓa maka shi. Na faɗe shi a kunnenka na dama ranar da aka haife ka, kana cikin zani kana ta tsala kuka, ba wanda ya ji sai ni da kai. Tun daga ranar bai sake bi ta bakina ba. Da na zo faɗinsa a gaban Malam Li sai na ji harshena ya yi nauyi kamar na mai koyon magana. Na faɗa, bai ji ba. Na sake faɗa da ƙarfi. Ya maimaita, ya karkace shi, na gyara masa, ya sake, na sake gyarawa, har sai da ya kama. Isufu mai bakin tsiya ya juya yana kallon taga. Da ka dawo da hoton ka tarar ina goge fuska da hula, na ce maka zafi ne. Wannan ma ba zafi ba ne.

In ka fi son tsohon sunan, ka gaya musu su mayar, ba zan ji haushi ba. Amma ka san abin da na jawo wa kaina. Na toshe ƙofar bayan gidan nan da hannuna, yanzu ba ni da sunan da zan fake da shi. Na riga na gaya wa Isufu ya nemo mana tikitin jirgi in kaka ta buɗe, kuma na saya wa kaina rigar sanyi, ita ma na auna. Saboda haka wata rana kana ƙarƙashin kwando za ka ji wata murya daga layin baya, kusa da ƙofa, tana kiran sunanka ba yadda Sinawa ke kiransa ba, yadda aka raɗa maka shi. Kada ka waiwaya, kada ka ba ni kunya a gaban mutane. Ka tsinto ƙwallonka kawai.

Allah Ya yi maka albarka. Ya tsare gabanka da bayanka, Ya tsare gwiwoyinka duka biyun, Ya haɗa ka da abokan zama nagari, Ya sa ka gama da kowa lafiya. Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai lafiya. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini shayin nan.

Ka sauka lafiya, Kabiru.

Ni ne mahaifinka,
Garba.